Ma'aunin zafi a tashar nukiliya: lambar da aka ƙi gaskatawa

Da ƙarfe huɗu na asubahin ranar 28 ga Maris, 1979, injinan da ke tura ruwa zuwa tukwanen tururi suka tsaya a rukuni na biyu na tashar nukiliya ta Three Mile Island, kusa da Harrisburg a jihar Pennsylvania ta Amurka. Irin wannan tangarɗa ba baƙuwa ba ce a tashar lantarki, kuma an gina tashar da sanin za ta faru. Cikin daƙiƙoƙi kaɗan tukunyar nukiliyar ta kashe kanta. Matsin ruwa ya hau, sai wani bawul da ke saman tankin daidaita matsi ya buɗe domin ya rage shi. Har nan komai daidai. Abin da ya rage shi ne bawul ɗin ya koma ya rufe, sai ya maƙale a buɗe, ruwan da ke sanyaya cikin tukunyar ya yi ta zurarewa.

A ɗakin kula da tashar akwai fitila mai nuna halin bawul ɗin, kuma ta nuna wa ma'aikata cewa ya rufe. Ashe fitilar ba bawul ɗin take kallo ba, umarnin da aka aika masa take nunawa. An ce masa ya rufe, fitila ta shaida an faɗa masa, shi kuwa yana nan a wangame.

Amma akwai wata shaida wadda ba ta yi ƙarya ba. A jikin bututun da ke kwashe ruwa daga bayan bawul ɗin an liƙa ma'aunin zafi. Hikimar mai sauƙi ce: in bawul a rufe yake, bututun ba zai yi zafi sosai ba, in ruwa mai zafi yana wucewa, bututun zai ɗau zafi. Ƙa'idar aikin tashar ta ce in zafin ya kai digiri 130 a ma'aunin Farenhait, wato kusan 54 a ma'aunin Selsiyos, a rufe bawul na biyu da ke tare hanyar. Ta kuma ce in ya kai 200, alama ce bawul a buɗe yake. A daren nan ma'aunin ya wuce 200 nesa ba kusa ba. Ma'aikatan sun duba, sun ga lambar, suka wuce. Dalilinsu kuwa shi ne an daɗe ana samun ɗan yoyo a wajen, bututun ya saba nuna zafi sama da ƙa'ida, har wani lokaci yakan kusanci 200, kuma tashar ta ci gaba da aiki a haka. Suka ɗauka ragowar zafin buɗewar farko ne ya hau kan yoyon da aka sani.

Sai da aka shafe sama da sa'a biyu da minti ashirin, wani shugaban aiki da ya shigo daga gida da sabon ido ya dubi lambar nan, ya ce a rufe bawul na biyu. Kafin nan ruwa ya riga ya janye daga saman sandunan makamashi. Bincike na baya ya nuna kusan rabin cikin tukunyar ya narke.

Hausawa na cewa sabo turken wawa. Ba wai ma'aikatan nan wawaye ba ne. Ƙwararru ne da aka jefa cikin ɗaki mai ƙararrawa sama da ɗari suna kuka a lokaci guda, da horon da bai shirya su ga irin wannan dare ba. Turken ba a daren aka kafa shi ba. An kafa shi ne tun ranar da aka fara ganin lamba sama da ƙa'ida, aka rubuta ta a littafin aiki, aka bar injin yana gudu. A ganina duk maganar bin doka a tashar nukiliya a nan ta taru: doka ba ta hana ƙarfe lalacewa, abin da take iya hanawa shi ne mutane su saba da mummunar lamba.

Kafin a fahimci dalilin da ya sa ake tsananta wa zafi haka, sai an san wani hali na tukunyar nukiliya da ya bambanta ta da janareta ko injin iskar gas. Janareta in ka kashe shi, ya mutu. Tukunyar nukiliya kuwa ko an tsayar da tsagewar yuraniyom, ragowar sinadaran da tsagewar ta haifar suna ci gaba da fitar da zafi da kansu, kuma babu makunnin da ke kashe wannan. A daidai lokacin kashewa zafin yakan kai wajen kashi 6 zuwa 7 cikin ɗari na ƙarfin tukunyar, bayan 'yan sa'o'i ya sauko kusa da kashi ɗaya. Kashi ɗaya ɗin nan ba abin rainawa ba ne. Babbar tukunya tana fitar da zafi na wajen megawat 3,000, ka ga kashi ɗaya megawat 30 ke nan, a cikin tulun ƙarfe da ba ya buƙatar komai kafin cikinsa ya lalace sai ruwa ya ɗauke masa na ɗan lokaci. A irin tukunyar da aka fi yawan amfani da ita a duniya, ruwan yana shiga da zafin kusan digiri 290 na Selsiyos, ya fita da kusan 325, kuma ba ya tafasa saboda an danne shi da matsin da ya ninka na iskar da muke shaƙa sau 150 da ɗoriya. In matsin ya faɗi, ruwan ya zama tururi, tururi kuwa ba ya ɗauke zafi kamar ruwa. Kwanson zirkoniyam da ke lulluɓe da makamashin, in ya wuce digiri dubu, yakan fara cin tururin yana fitar da iskar haidurojin, cin kuma yana ƙara masa zafi. Shi ya sa dokar Amurka ta yanka iyaka: ko a mafi munin haɗarin da aka yi lissafinsa, zafin kwanson kada ya wuce digiri 2,200 na Farenhait, wato 1,204 na Selsiyos.

Daga wannan lamba guda ake gangarowa da lissafi har a iso kan ƙananan lambobin da ma'aikaci ke dubawa kullum: zafin ruwan da ake ɗebowa daga kogi ko teku, zafin iskar cikin ginin kankaren da ya rufe tukunyar, zafin ɗakin batura, zafin tafkin da ake ajiye tsofaffin sandunan makamashi. Kowace lamba tana zaune ne a matsayin alkawari cewa in haɗari ya zo, zai tarar da tashar a yanayin da aka yi lissafi da shi. A Amurka waɗannan iyakoki suna cikin lasisin tashar kanta, wanda hukumar kula da nukiliya ta ƙasar, NRC, ke bayarwa. Kowace iyaka tana tafe da abu uku: sau nawa za a auna, me za a yi in an ƙetare, da sa'o'i nawa aka ba ka ka gyara kafin dole ka kashe tukunyar. Mai tashar ba shi da ikon sauya lambar da kansa. In yana ganin ta yi tsauri, sai ya kai lissafinsa gaban hukuma ya nemi a gyara lasisi. Hukumar kuma tana da sufetoci, aƙalla biyu a kowace tasha, waɗanda can ne wurin aikinsu na kullum, suna shiga ɗakin kula suna karanta littafin aiki ba tare da neman izini ba.

Me ya sa ba a bar wa injiniyan da ke bakin aiki ya yi amfani da hankalinsa ba? Domin kashe babbar tasha na kwana ɗaya asara ce ta maƙudan kuɗi, kuma mutumin da ke tsaye gaban allo ya san haka, shugabansa ma ya sani. In aka bar hukunci a hannunsa a wannan lokaci, kowace lamba za ta sami uzuri. Rubutacciyar iyaka tana sauke masa wannan nauyi: an riga an yanke hukuncin tun ranar da babu matsin lamba a kan kowa.

A Three Mile Island wannan kariya ce ta ruɓe daga ciki. Bayan haɗarin an gano cewa gwajin da ake yi don auna yawan yoyon ruwa daga tukunyar ma ba a yi shi da gaskiya ba. Sakamakon da bai yi daɗi ba a jefar da shi, a sake gwaji har a sami wanda ya shiga ƙa'ida. A 1984 kamfanin Metropolitan Edison mai gudanar da tashar ya amsa laifi a kotu a kan wannan. Wani abin takaicin kuma, a Satumban 1977 irin wannan bawul ya maƙale a tashar Davis-Besse ta jihar Ohio, wadda kamfani ɗaya ne ya ƙera tukwanensu. Can ma'aikata sun gane cikin kusan minti ashirin suka rufe. Darasin bai taɓa isa kunnen mutanen Pennsylvania ba. Wannan na cikin dalilan da suka sa kamfanonin nukiliyar Amurka suka kafa cibiyar INPO a ƙarshen 1979, domin abin da ya sami wata tasha ya zama karatu ga sauran.

Sai dai a yi adalci, akwai tambayar da ma'aikaci ke da haƙƙin yi: in ma'aunin ne ya lalace fa? Ma'auni ma ƙarfe ne, yana tsufa. Iri biyu aka fi amfani da su. Ɗaya siririyar wayar filatinam ce wadda turjiyarta ga lantarki ke ƙaruwa daidai da zafi. Ita ce mai daidaito, ita ake sa wa a manyan bututun ruwa. Ɗayan kuma ƙarfe biyu ne mabambanta da aka haɗa bakinsu, haɗin yana fitar da 'yar wutar da ke nuna zafi. Shi ya fi jure wuta, shi ake sa wa a mafitar cikin tukunya. Dukansu sukan kauce a hankali da shekaru. Don haka ba a dogara da guda ɗaya. Akan sa uku ko huɗu a wuri guda, kowane da wayarsa da wutarsa daban, a tsara cewa in biyu suka yarda an ƙetare iyaka, tukunya ta kashe kanta ba tare da jiran kowa ba. Lokacin da aka tsayar da tasha don sauya makamashi, duk shekara ɗaya da rabi ko biyu, sai a gwada su da juna a ga wanda ya fara bauɗewa.

Duk da haka ranar shakka takan zo, kuma yadda aka bi da ita shi ne ke raba tasha da tasha. A safiyar haɗarin 1979, ma'aunan da ke saman cikin tukunyar sun wuce digiri 700 na Farenhait, iyakar abin da aka tsara kwamfutar ta karanta, sai ta koma buga alamar tambaya. Aka tura masu gyara suka auna wayoyin da hannu, wasu suka nuna sama da digiri 2,000. Da yake wasu sun nuna ƙasa sosai, aka ce ma'aunan ne suka lalace. Ashe ma'aunan da suka nuna zafin gaskiya suke faɗa. A Fabrairun 2012 kuwa, a rukuni na biyu na tashar Fukushima Daiichi ta Japan, wata biyu bayan gwamnati ta sanar cewa tukwanen da suka lalace a haɗarin 2011 sun sauko ƙasa da digiri 100 na Selsiyos, ma'auni ɗaya a gindin tukunyar ya fara hawa har ya wuce 80, alhali 'yan uwansa na kusa ba su motsa ba. Alamu sun fi karkata ga cewa shi ne ya lalace. Amma aka ƙara yawan ruwan da ake zubawa, aka zuba sinadarin boron mai hana tsagewa ta sake tashi, aka gwada iskar ciki, sannan aka binciki wayar ma'aunin aka tabbatar ya mutu. Kamfanin TEPCO mai tashar yana da laifuffuka masu nauyi a abin da ya faru a 2011, amma tsarin da aka bi a wannan karon shi ne daidai: ka yi aiki kamar lambar gaskiya ce, har sai ka kawo hujjar cewa ƙarya ce.

Akwai wani ɓangaren da ba ya shiga labarai, kuma ni shi ya fi ɗaukar hankalina, domin a nan zafi ke ɓarna ba tare da ƙararrawa ba. Tasha guda tana da wayoyin lantarki masu tsawon ɗaruruwan kilomita, kowace lulluɓe da roba. Duk wanda ya taɓa ganin wayar da ta shekara a kan rufin kwano ya san abin da zafi ke yi wa roba: ta bushe, ta yi tauri, ka lanƙwasa ta fashe. Masu aikin lantarki suna da ƙiyasin da suke riƙewa, cewa ƙarin digiri 10 na Selsiyos yakan rage rayuwar irin wannan roba da kusan rabi. Wayar da aka yi lissafin za ta shekara 40 a ɗaki mai digiri 50, in ɗakin ya zauna a 60, ta tsufa a shekara 20. Kuma ba za ta nuna ba. Za ta ci gaba da aiki lafiya lau har ranar da bututu ya fashe, tururi ya cika ginin, ranar da ake buƙatar ta kai umarni ga bawul ko ta kawo labarin zafi zuwa ɗakin kula.

Saboda haka tun 1983 dokar Amurka ta wajabta cewa duk kayan lantarkin da ake dogara da su a lokacin haɗari sai an tabbatar za su jure shi. Ana ɗaukar samfurin waya ko injin bawul, a gasa shi a tanda don a tsufar da shi da gangan, a haska masa burbushin nukiliya gwargwadon abin da zai sha a rayuwarsa, sannan a jefa shi cikin tankin tururi mai zafi da matsi irin na haɗari, a ga ko zai yi aiki. Daga nan ake rubuta masa shekarun da aka yarda ya yi. Amma shekarun nan a kan wani zafi aka lissafa su. In abin rufe bututun tururi ya zame aka manta ba a mayar ba, wayar da ke wucewa kusa tana gasuwa a zafin da ba shi ke cikin takarda ba. Shi ya sa ake liƙa ƙananan na'urorin adana zafi a lunguna, ake zagayawa da kyamara mai ganin zafi ana neman wuraren da suka fi kewayensu ɗumi. Yanzu da ake tsawaita lasisin tashoshin Amurka daga shekara 40 zuwa 60, wasu har 80, tarihin zafin kowane ɗaki ya zama takarda mai tsada.

Takardar gwajin nan kuwa amana ce, domin ba mai iya duban waya da ido ya san ko za ta jure tururi. A Mayun 2013 Koriya ta Kudu ta tsayar da tukwanen Shin Kori 2 da Shin Wolsong 1 bayan an gano cewa sakamakon gwajin wayoyinsu na jabu ne. Aka cire wayoyin aka sauya, ƙasar ta shiga bazara da ƙarancin wuta, daga baya aka gurfanar da mutum kusan ɗari. Babu haɗarin da ya faru. Wayoyin suna aiki. An kashe tukwanen ne kawai don ba a da tabbacin za su yi aiki a ranar da ba ta zo ba tukuna, kuma hakan shi ne daidai.

Sai zafin da ke zuwa daga waje, wanda shekarun nan yake ƙara matsowa. A Agustan 2012 aka kashe rukuni na biyu na tashar Millstone a jihar Connecticut na kusan mako biyu, saboda ruwan tekun da take ɗiba ya wuce digiri 75 na Farenhait, kusan 24 na Selsiyos. Wanda ya saba da zafin Sakkwato zai ji lambar kamar wasa, amma da ruwan nan ake sanyaya janaretocin gaggawa da na'urorin kwashe zafi bayan haɗari, kuma duk lissafinsu a kan 75 aka gina shi. Kamfanin ya bi doka ya kashe. Sannan ya sake lissafi, ya nuna kayan za su iya aikinsu da ruwa mai digiri 80, hukumar ta duba ta amince a 2014. An ɗaga iyaka ke nan, amma ta ƙofa aka bi, ba ta taga ba.

Na Faransa kuwa wani abu ne daban, kuma ana yawan cakuɗa su. In aka ji an rage ƙarfin tashoshin kogin Rhône ko Garonne a lokacin zafi, galibi ba don tukunya na cikin haɗari ba ne. Iyakar ta kare kogin ce: ruwan da tasha ke mayarwa ya fi wanda ta ɗiba ɗumi, kifi da sauran halittun ruwa kuma suna da abin da za su iya jurewa. A tashar Golfech, misali, ba a yarda zafin kogin Garonne a ƙasan tashar ya wuce digiri 28 na Selsiyos ba. A bazarar 2022, lokacin da kusan rabin tukwane 56 na ƙasar suke tsaye saboda gyara da binciken tsatsa a bututu, iskar gas kuma ta yi tsada saboda yaƙin Ukraine, hukumar kula da nukiliya ta Faransa, ASN, ta sassauta wa tashoshi biyar na ɗan lokaci: Bugey, Saint-Alban, Tricastin, Golfech da Blayais, da sharaɗin a tsananta sa ido kan halin ruwan. Ana iya jayayya ko hukuncin ya dace, kuma masu kare muhalli sun yi jayayyar. Abin da ya sa ban ɗauke shi ɗaya da yoyon 1979 ba shi ne an yi shi a rubuce, a bainar jama'a, da ranar ƙarewa, kuma ba mai tashar ne ya yanke wa kansa ba. Inda zan fara jin tsoro shi ne ranar da sassaucin ya zama na kowace shekara, har a manta dalilin da ya sa aka sa 28 tun farko.

Maganar ba ta yi mana nisa kamar yadda ake zato ba. Tun 2004 akwai ƙaramar tukunyar bincike da ke aiki a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, mai ƙarfin kilowat talatin da 'yan kai, ƙarƙashin lasisin hukumar kula da nukiliya ta Najeriya, NNRA, kuma an daɗe ana ambaton Geregu a jihar Kogi da Itu a Akwa Ibom a matsayin wuraren da za a iya gina tashar lantarki ta nukiliya. Zafin ƙasa ba ya hana ginawa: tashar Palo Verde tana cikin hamadar Arizona tana sanyaya kanta da ruwan dattin birnin Phoenix da aka tace, tashar Barakah ta Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa kuma tana aiki da ruwan Tekun Fasha mai ɗumi. Amma kowacce an yi mata lissafi da zafin wurinta, ba da na ƙasar da aka sayo ta ba. Kafin a zuba kankare ko guda a Geregu, takardar farko da zan so a ajiye gaban hukuma ita ce awon zafin ruwan kogin Neja a watannin Maris da Afrilu, na shekaru masu yawa a jere, har da shekarun da ruwan ya ja baya sosai.